Kayan ɗakin da ba sa kaiwa yayen ɗan fari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato irin kayan amfanin gida da muke saye a wannan zamani, musamman waɗanda muke kai 'ya'yanmu mata ɗakunansu da su, da yadda suke mutuwa a hannunmu tun ba mu gama biyan bashin da muka ci a kansu ba.

Watannin baya Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa. Bayan an share makoki muka shiga ɗakinta domin a fitar da kaya a raba gado, sai muka tarar da yawancin abin da ke ciki kayan da aka kai ta gidan mahaifinmu da su ne, tun kafin a canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira a 1973. Akwai gadon ƙarfe mai rumfa, da jerin samira da langa, da tasoshi biyu na tagulla aikin Bida, da turmin ƙirya wanda bakinsa ya side ya yi sulɓi saboda daka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata babbar kwalla da muka tashi muka ga ana jiƙa gero a ciki. Fentin bakinta ya ɓaɓɓalle, baƙin ƙarfen ya fito, a gindinta kuma akwai maho guda biyu na guntun kwano da wani mai gyara ya ɗora ya buga musu ƙusoshi ya daddale. Ƙanwata ta cika ta da ruwa a tsakar gida domin ta gwada, muka zauna muna kallo har la'asar, ko ɗigo bai fita ba. A wannan kwalla aka yi wankan jegonmu mu bakwai, aka yi na jikoki, kuma da a ce yau za a yi suna a gidanmu da ita za a fara nema.

A cikin makon nan kuma na je duba ɗiyata ta biyu, wadda aka kai ɗakinta shekara 3 da suka wuce. Ni na sayi kayan ɗakin, na san abin da suka ci, domin sai da na sayar da filin da nake ajiye da shi, mahaifiyarta kuma ta zuba kwasar adashinta biyu a kai. Na tarar an jingine ƙofar kabad a bango saboda ta ɓalle, ƙafafunsa sun kumbura sun dare kamar burodin da ya sha ruwa, an tokare kusurwar gado da bulo, ledar kujeru tana saɓulewa tana manne wa mutum a riga. Tukwanen nan masu baƙin shafe a ciki, waɗanda aka ce abinci ba ya kamawa, shafen ya kankare, biyu daga ciki hannuwansu sun karye. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, wallahi ina kula da su, ruwan goge ɗaki ne kawai yake taɓa ƙafar." Na san gaskiya ta faɗa, domin ba ƙazama ba ce, kuma ɗanta na fari ko yaye ba a yi masa ba.

Na ɗauki guntun ƙofar na kai wa wani tsohon kafinta a unguwarmu. Ya karɓa ya murtsuke gefensa da yatsa, sai ga gari yana zuba. Ya ce, "Malam, ai wannan ba katako ba ne, dusar katako ce aka kwaɓa da gam aka matse, aka manna mata takarda mai sheƙi a sama." Ya bayyana mini cewa irin wannan allo yana da amfaninsa idan an sa shi inda babu laima kuma ba za a riƙa motsa shi ba, amma da zarar ruwa ya sami hanya ta gefen da ba a rufe ba, dusar za ta sha ta kumbura, kuma ba ta komawa yadda take. Ƙusa ma sau ɗaya take kama shi da kyau. Idan aka kwance aka sake ɗaurawa, ramin ya riga ya zama gari. To, mu kuwa ɗakunanmu ana wanke su da ruwa, damina tana kawo raɓa ta ƙasa da ta bango, sannan yawancin sababbin ma'aurata a birni gidan haya suke zaune, shekara ɗaya ko biyu a tashe su su koma wani. Kowace ƙaura sai an kwance gado da kabad, kowace kwancewa kuma rabin ransu ke tafiya. Mun ɗauki kayan da aka ƙera domin wata irin rayuwa mun sa su cikin tamu, muka kuma biya kuɗin da ya isa a yi na katakon gaske guda biyu maimakon tarkace guda shida.

Ya Edita, ya kamata mu tuna abin da jere yake nufi a wurin iyayenmu mata. Kwanukan da ake jerawa a ɗakin amarya ado ne, amma kuma dukiya ce da mace ke riƙe da ita da sunanta, wadda miji ba shi da iko a kanta. Idan yaro ya kwanta rashin lafiya maigida ba ya nan, ko aka shiga shekarar yunwa, ko kuma aure ya mutu, sai ta ciro samira ɗaya ko tasa ta ba dillaliya, kafin dare kuɗi sun shigo hannunta. Wanda bai ɓaci ba kuma ta adana shi har ranar da za ta aurar da tata ɗiyar. Ke nan uban da ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki a wancan lokaci jari ya ba ta, wanda zai tsaya mata a ranar wuya. Yau kuwa abin da muke ba su yana fara rasa daraja tun daga ranar da aka sauke shi daga mota. Duk wanda ya taɓa kai gadon dusar katako kasuwar 'yan gwanjo ya san irin tayin da ake yi masa, wani lokaci ko kuɗin a-kori-kurar da ta ɗauko shi ba ya fitowa. Mun riƙe al'adar, mun ma ƙara mata nauyi har wasu iyaye suna jinkirta auren 'ya'yansu saboda tsoronta, amma mun zubar da hikimar da ke cikinta.

Ba na ɗora laifin a kan mata su kaɗai, ko da yake an fi jin muryarsu a wannan fage. Mu maza ne muke biya, kuma mu ma muna jin kunyar a ce ɗakin 'yar wane ya fi na tamu. Ranar jere dangin ango suna zuwa ganin ɗaki, yanzu kuma har da waya a hannu, kafin magariba hoton ya zaga WhatsApp da TikTok. Ido kuwa sheƙi yake gani, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin takarda. Mai shago ya fahimci haka sarai, shi ya sa yake zuba ƙoƙarinsa a kan madubi da fitilu da ruwan zinare a kan allon gado, ya bar ƙashin bayan gadon a kan 'yan siraran katakai. Babu mai tambayarsa shekara nawa zai yi, tambayar da ake yi masa ita ce ko shi ake yayi.

Matsalar ba ta tsaya a ɗakin amarya ba, ta shiga har madafa da makewayi. A nan ina so in yi adalci ga roba, domin akwai masu zaginta ɗungurungum, ni kuwa ba na cikinsu. Wanda ya taɓa ɗaukar tulu daga rijiya yana yaro, ko ya ga yadda bokitin ƙarfe ke tsatsa ya yanki ƙafa, ya san roba ta kawo sauƙi. Ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, tana wankuwa, kuma masana'antun da ke yin ta a Sharaɗa da Challawa da Bompai suna ciyar da gidaje masu yawa. Akwai bahon roba a gidana da ya haura shekara 20, mai kauri, wanda babba zai iya kifa shi ya zauna a kai. Abin da ya canja shi ne irin robar. Ka je layin 'yan roba a Ƙofar Wambai ka ɗaga bokitin yau ka kalli rana ta jikinsa, za ka ga haske yana ratsowa. An rage kauri, an yawaita tsohuwar robar da aka niƙa aka sake narkawa, wadda kowace narkawa ke rage mata danƙo, wasu kuma suna ƙara garin farar ƙasa domin kayan su yi auki. Irin wannan idan ta sha ranar bazara wata biyu sai launinta ya koɗe, ta bushe, ranar da yaro ya ajiye ta da ɗan ƙarfi ta tsage tun daga baki har gindi. Butar alwala ma, wadda a da mutum ke shekaru da guda ɗaya, yanzu hancinta ke fara tafiya.

Dalilin bai ɓuya ba. Tun daga 1986 da aka fara karya darajar naira a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, ƙarfin aljihun talaka yake raguwa, sannan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira da ya biyo baya suka ƙara dagula lissafi. Mai masana'anta yana da hanya biyu idan kayan aiki suka yi tsada: ya ƙara farashi mai saye ya gudu, ko ya bar farashi kusa da inda yake ya rage abin da ke cikin kayan. Yawanci ta biyun ake bi, domin ba ta da hayaniya. Haka abin yake ga kayan da ake shigowa da su. Mun saba cewa abu "ɗan Chana ne" idan muna nufin ba shi da ƙarko, alhali ƙasar Sin tana ƙera mai kyau da marar kyau, kowa da kuɗinsa. Ɗan kasuwarmu ne ke zuwa birnin Guanzu na can ya nuna samfur ya ce a yi masa irinsa a rabin kuɗi, mai ƙira kuma ya rage waya, ya rage ƙarfe, ya rage batir, ya bar kwalin yadda yake. Idan za mu yi ƙorafi, ya kamata mu fara da wanda ya yi odar, wanda muke sallah a sahu ɗaya da shi.

Wanda wannan tsari ya fi cuta shi ne wanda aka ce domin shi aka yi arahar. Mai hali yana sayen bokiti mai kauri sau ɗaya ya manta da maganar. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin nan na naira 70,000 ba, ko mai sana'ar da sai ya fita yake samun na cefane, ba zai iya fitar da kuɗin mai kaurin a lokaci guda ba, sai ya sayi na rabin kuɗi, ya fashe, ya sake saye, ya sake fashewa. Kafin shekara biyu ya biya kuɗin mai kaurin har da ƙari, kuma har yanzu ba shi da bokitin kirki. Ka haɗa wannan da buta, da tocila, da takalmin yara, da kan caja, da fulas ɗin shayi da ke daina riƙe zafi bayan wata uku, za ka ga wani haraji ne da talaka ke biya a ɓoye wanda babu gwamnatin da ta sa masa. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma sai mai abin saye a hannu yake iya bin wannan shawara.

Fitila mai caji ita ce ta fi ba ni takaici, saboda a cikinta ake ganin ɓarnar ƙiri-ƙiri. Rashin wutar lantarki ya sa babu gidan da ba ya buƙatarta, kuma ta fi fitilar ƙwai da aci-balbal haske da tsabta, ba ta hayaƙi, ba ta tayar da gobara. Na tara guda biyar matattu a cikin kwali na kai wa wani yaro mai gyaran rediyo. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya a gabana, ya taɓa ƙwayayen da waya, duk suka kama. Ƙwayayen irin na zamani suna iya shekaru suna aiki. Abin da ya mutu a dukkansu ɗan ƙaramin batir ne mai ruwan asid, irin wanda idan aka bar shi ya ƙare ƙaf sau da yawa ba ya sake ɗaukar caji, wanda kuwa dole ya ƙare ƙaf a garin da ake kwana biyu ba wuta. Uku daga cikin fitilun an liƙe jikinsu da gam ne, sai da ya fasa kafin ya kai ga batirin. Wato saboda abu ɗaya da bai kai girman akwatin ashana ba, ake zubar da ƙwayaye da waya da gilashi da roba masu lafiya, a kuma zubar da dalmar da ke cikin batirin a bolar da yara ke wasa.

Wannan dabara ta taƙaita ran kaya tana da tarihi. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki na duniya, ciki har da Osram da Philips, sun haɗu a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan suka ƙulla yarjejeniyar cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, suka kuma sa tara a kan duk wanda nasa ya zarce. Ƙasashen da abin ya fara a cikinsu sun daɗe da farga. Faransa ta mayar da gajarta ran kaya da gangan laifi a dokarta tun 2015, a 2021 kuma ta wajabta a manna wa wasu kayan lantarki, irin su wayar hannu da talabijin da injin wanki, maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaransu, domin mai saye ya gani kafin ya biya. Su da suke da kuɗin sakewa suna neman hanyar komawa gyara, mu da muka gaji gyara muna barinsa.

Domin kuwa mun gaje shi. A ƙuruciyarmu gyartai yana bin unguwa da basilla da zare, mata su fito masa da fasassun ƙore ya ɗinke su har su sake riƙe fura. Akwai mai toshe kwano, da mai wasa wuƙa, da mai liƙin roba da ke ɗora guntun ƙarfe a garwashi ya narka tsohon silifa a kan tsagar bokiti. Maƙeri yana sake wa galma baki, baduku yana sake wa takalmi ƙasa. Waɗannan mutane suna cin abinci ne daga ƙarkon kaya, domin abin da ke da daraja shi ake kai wa gyara. Yanzu da kuɗin liƙi ya kusa kuɗin sabo, kuma robar ta yi sirantar da ba ta jure zafin ƙarfe, sana'arsu tana mutuwa, kuɗin da a da ke zagayawa a cikin unguwa kuma yana fita waje. Basirar ba ta ɓace ba. Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna, ko ya zaga wajen maƙera a Kurmi, zai ga hannayen da za su iya ƙera kusan duk abin da gida ke buƙata. Abin da suka rasa shi ne mai saye da zai daraja aikinsu.

Sai kuma inda matattun kayan suke ƙarewa. Shekaru aru-aru manoman kewayen Kano suna shigowa birni da jakuna da mangala su kwashi shara su kai gona, domin sharar gidan Bahaushe a da toka ce da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa da fasasshiyar ƙwarya da tsohuwar tabarmar kaba, duk abin da ƙasa ke ci ta yi ƙarfi. Wannan taki yana cikin abin da ya sa ake noma gonakin nan kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Yau manomin da ya sayi takin bola sai ya sa yara su tsince leda da fasassun robobi da batura, kuma duk tsintar da za a yi sai garma ta riƙa tono su shekara da shekaru. Mahauta suna fasa tumbin saniya ko tunkiya su ciro dunƙulen leda da ya cushe ta, dabba tana ci tana ramewa mai ita bai san dalili ba. Abin da bai je gona ba yana gangarawa kwata, ya taru a ƙarƙashin gada, ya toshe hanyar ruwa har zuwa Jakara, ruwan Agusta ya zo ya rasa mafita ya shiga gidajen mutane ya ci katangar ƙasa. Wanda ya rage kuma a cinna masa wuta da magariba, unguwa ta kwana tana shaƙar hayaƙin roba. 'Yan jari-bola suna rage wani abu, kuma sun cancanci a gode musu maimakon kyarar da ake yi musu, amma su ƙarfe da roba mai tauri suke ɗauka, waɗanda ake saye a kan sikeli. Leda da kumburarren allon kabad da soson kujera babu mai so.

Wasu ƙasashe sun bi hanyar haramci. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, maƙwabciyarmu Nijar ta yi dokarta a 2014, Jihar Legas kuma ta hana fararen kwanukan soso na zuba abinci a Janairun 2024. Ina goyon bayan a rage leda, sai dai wanda ya je kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ya san doka a takarda ba ta isa ba matuƙar mai tumatir ba shi da abin da zai ƙulla wa mai saye. Kakanninmu da kwando da ƙwarya suke zuwa cefane, mai tsire da mai ƙosai kuma a takarda ko ganye suke naɗewa. Komawa ga riƙe jaka ko kwando daga gida ba ya buƙatar izinin majalisa.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka yi a gida lafiyayye ne. Tukwanen da ake zubawa daga narkakken sanholo suna da ƙarko ƙwarai, tukunya ɗaya tana iya dafa abincin biki shekara 30, amma idan mai zubin ya haɗa da tarkacen injin mota da duk abin da ya samu a bola, gubar dalma tana iya shiga ta riƙa fita cikin miya, kamar yadda binciken da aka yi a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna. Mu da muka ga yadda wannan guba ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 bai kamata mu yi wasa da ita ba. Maganin shi ne a koya wa masu zubi irin ƙarfen da ya dace da abinci, a kuma riƙa gwada abin da suke fitarwa, domin a gyara sana'ar ta ci gaba. Tsohon abu yana karɓar sabon ilimi idan an ba shi. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, ya ɗauki tukunyar ƙasa ya sa ta cikin wata babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, sai ga abin adana tumatir da alayyafo na kwanaki ba tare da lantarki ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Hikimar da ke sa ruwan randa sanyi ita ya yi aiki da ita, kuma maginan tukwane na ƙauye ne suka yi masa ginin.

Akwai abin da hukuma za ta iya yi wanda bai fi ƙarfinta ba. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya, kuma zai yi amfani ƙwarai ta sa mafi ƙarancin kauri ga bokiti da buta da baho, a buga nauyin kowanne a gindinsa, ta kuma hana shigo da fitilar da ba a iya canja mata batir. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka same su da aibi, amma har yau rasit ɗin shaguna da yawa yana ɗauke da rubutun cewa abin da aka saya ba a mayarwa, mutane kuma suna ɗauka haka doka take. Tun kafin wannan doka, littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu sun yi bayanin cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan ya gano shi. Hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, yara ma sun haddace shi. Ina roƙon malamanmu, idan suna wa'azi a kan tauye mudu, su haɗa da mai sayar da dusar katako da sunan katako, idan kuma suna karanta ayar da ta kira almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu, su kawo misali da ɗakin amarya da ake cika shi da abin da za a zubar kafin shekara uku. Gwamnatin Kano ma tana da dama a hannunta, domin tun 2012 take ɗaukar nauyin auren gata ta hannun Hisba, a Oktoban 2023 kaɗai an aurar da ma'aurata 1,800, kuma kowace amarya da gadonta da katifarta. Mai sayen gado da yawa haka yana iya gindaya wa kafintoci da masu walda sharaɗin irin katako da kaurin ƙarfe, da alkawarin gyara na wasu shekaru, abin da zai zama ma'auni ga sauran kasuwa.

Ni dai saura ɗiya ɗaya gare ni a gida, kuma an sa ranarta bayan babbar sallah. Na zaunar da ita da mahaifiyarta na gaya musu abin da na gani a ɗakin yayarta, muka yi doguwar muhawara, domin ita ma tana da ƙawaye kuma tana jin abin da za a ce. Daga ƙarshe muka daidaita a kan gado da kabad na katakon maɗaci wanda tsohon kafintan nan zai yi, da kujeru uku maimakon bakwai, waɗanda za a iya sake musu yadi idan ya tsufa, da tukwane masu kauri ba masu shafe ba. Ragowar kuɗin za a saya mata keken ɗinki da tunkiya biyu. Da aka zo rabon kayan mahaifiyarmu kuwa, na roƙi 'yan'uwana su bar mini kwallar nan mai maho biyu a cikin kasona, suka bar mini, kuma tana cikin kayan da za a kai ɗakin yarinyar.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani mai karatu, daga birnin Kano